FASHIN BAƘI: Wa ke biyan kuɗin manhajojin da duniya ke mora kyauta?

Ranar Juma'a, 29 ga Maris, 2024, wani injiniya Bajamushe mai aiki da kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya fitar da sanarwar da ta hana masana tsaron intanet barci a ƙarshen wannan mako. Yana cikin wasu gwaje-gwaje ne ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa na ɗaukar lokacin da ya wuce ƙa'ida. Jinkirin bai taka kara ya karya ba, kimanin rabin daƙiƙa ne. Amma ya bi diddigi, har ya gano cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna XZ Utils, wadda aikinta shi ne matse fayiloli don su rage cin wuri. Wannan manhaja tana cikin kusan kowace kwamfutar da ke aiki da tsarin Linux, kuma Linux ne ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da shafukan intanet ke zaune a kansu. Da gurɓataccen samfurin ya kai ga bazuwa, da wanda ya dasa ƙofar ya samu mabuɗin shiga ɗimbin kwamfutoci a faɗin duniya ba tare da sallama ba.

Yadda aka yi ƙofar ta shiga ya fi ƙofar kanta ɗaukar hankali. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne, Lasse Collin ɗan ƙasar Finland, ke kula da manhajar a ɗan lokacin da ya rage masa, ba tare da albashi ba. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu amfani. A 2022 wasu baƙin sunaye suka tasa Collin a gaba da ƙorafi: aiki ba ya sauri, an yi watsi da manhaja, gara ya miƙa ragama ga wani. Ya amsa musu cewa ƙarfinsa ya ragu saboda larurar da yake fama da ita, ya kuma tuna musu cewa aikin sha'awa ne wanda babu mai biyan sa. Sannu a hankali Jia Tan ya samu yarda, ya samu ikon fitar da sabon samfuri da kansa, sannan a Fabrairun 2024 ya cusa abin da ya zo cusawa. Masu bincike da dama na ganin cewa masu ƙorafin da mai kawo ɗaukin duk bakinsu ɗaya. Wanda ya shirya wannan aiki bai sha wahalar fasa katanga ba. Gajiyayyen mai gadi ya nema, ya yi haƙurin fiye da shekara biyu yana taya shi aiki.

Tambayar da lamarin ya sake tasowa da ita ta girmi XZ. Manhajojin da kowa ke ɗauka kyauta, kamfanoni su tara dukiya a kansu, gwamnatoci su tafiyar da asibitoci da su, wa ke ciyar da masu kula da su? Mai yiwuwa a ga kamar zance ne na masu sana'ar kwamfuta kawai. A gaskiya tambaya ce ta siyasa, 'yar'uwar tambayar wa zai gyara titi, wa zai gyara famfon unguwa.

'Yanci daban, kyauta daban

Kowace manhaja tana farawa ne da rubutu, wato jerin umarnin da mutum ya tsara wa kwamfuta cikin yaren da masu sana'ar ke karantawa. Kamfani irin Adobe yakan ɓoye wannan asalin rubutu, ya sayar maka da izinin amfani kawai, kamar mai maganin gargajiya da zai ba ka ƙulli amma ya riƙe sirrin haɗin. Wannan ɗabi'a ce Richard Stallman ya yi wa tawaye lokacin da ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka a 1983, ya kuma kafa gidauniyar 'yantacciyar manhaja a 1985. Matsayinsa shi ne mai amfani da manhaja ya samu damar sarrafa ta yadda ya ga dama, ya karanta rubutunta, ya sauya abin da bai yi masa ba, ya kuma raba wa wasu, ko asalin ko wanda ya gyara. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux, ba da jimawa ba ya ɗora shi a kan lasisin GPL da Stallman ya tsara. A 1998 wasu da ke son jawo 'yan kasuwa suka fito da laƙabin buɗaɗɗiyar manhaja. Ɓangarorin biyu suna da saɓanin aƙida har yau, amma galibi manhajoji iri ɗaya suke magana a kansu.

A Turanci kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar 'yanci da ma'anar kyauta, kuma wannan ya daɗe yana rikita mutane. Hausa ta hutar da mu, domin ta raba su. 'Yanci waɗannan lasisi suka bayar, babu inda suka haramta karɓar kuɗi. Sai dai abin da kowa ke da ikon kwafa ya raba, da wuya a tsare masa farashi, shi ya sa a aikace ya zama kyauta.

Mai karanta wannan rubutu a wayar Android yana riƙe da Linux a hannunsa, domin a kansa aka gina ta. Tsarin kulle saƙo da WhatsApp ke amfani da shi tun 2016 daga masu manhajar Signal ya samo asali. VLC da ake kallon fim da ita, Firefox, manhajar da ke ɗauke da Wikipedia har da sashenta na Hausa, da WordPress da aka gina fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet da ita, duk buɗaɗɗu ne. Waɗannan su ne waɗanda ido ke gani. A ƙarƙashinsu akwai dubban ƙananan manhajoji irin XZ, waɗanda ba a buɗe su kai tsaye, sai dai wasu manhajojin su jingina da su. Wani nazari da masu bincike a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard suka fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa da a ce kowane kamfani zai rubuta wa kansa abin da yake ɗauka kyauta, da kuɗin ya kai Dala tiriliyan 8.8. Nazarin ya kuma ce kashi 5 cikin 100 na masu rubutun ne suka samar da kashi 96 cikin 100 na wannan daraja.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kwafar manhaja ba ta cin ko sisi, amma kula da ita na cin rayuwar mutum. Kullum ana gano kurakurai, na'urori na sauyawa, masu kutse na ƙirƙiro sababbin dabaru, kuma dole wani ya zauna ya karanta duk gyaran da baƙi suka turo kafin ya karɓa. Duk wanda ya taɓa ganin rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan shekara biyu ta zama matattarar awaki saboda ƙarfen Naira dubu kaɗan ya karye, ya san irin wannan matsala. Ginawa tana da masu so, domin ana rubuta suna a allo. Gyara kuwa maraya ne.

Ihu bayan hari

XZ ba shi ne gargaɗi na farko ba. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka raɗa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sadarwa tsakanin mai amfani da shafin da ya ziyarta, wato abin da ɗan kwaɗon nan da ke gefen adireshin shafi ke nunawa. Kuskuren ya ba mai kutse damar yagar wani ɓangare na abin da ke cikin ƙwaƙwalwar babbar kwamfuta, har da kalmomin sirri, kuma ya shafe kimanin shekara biyu ba a lura da shi ba. An ƙiyasta cewa shafuka kusan rabin miliyan ne abin ya shafa. Hukumar harajin Kanada ta tabbatar da cewa an sace lambobin shaidar mutum kusan 900 ta wannan kafa. Da aka waiwaya a ga su wa ke kula da wannan katafaren makulli, sai Steve Marquess, mai nema wa aikin kuɗi, ya bayyana cewa gudummawar da suke samu ba ta wuce kimanin Dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne kacal ya mayar da aikin cikakkiyar sana'arsa. Kunya ta kama manyan kamfanoni. Google, Amazon, Facebook, Microsoft, IBM da wasu suka kafa asusu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, kowannensu ya yi alkawarin Dala 100,000 a shekara har tsawon shekara uku. Ga waɗannan kamfanoni, wannan canjin aljihu ne.

Labarin Werner Koch ya fi shafar 'yan jarida. Tun 1997 yake rubuta GnuPG, manhajar kulle wasiƙun imel da masu fallasa da 'yan jarida masu bincike suka dogara da ita, cikinsu har da Edward Snowden. A Fabrairun 2015 kafar ProPublica ta ba da rahoto cewa mutumin na dab da tsiyacewa, har ya taɓa tunanin ajiye aikin ya nemi na albashi. Cikin kwana guda gudummawar fiye da Dala 100,000 ta shigo, Facebook da Stripe kuma kowannensu ya yi alkawarin Dala 50,000 a shekara. Abin farin ciki ne, amma yana da kyau a lura da sharaɗin: sai da wata 'yar jarida ta gano shi, ta rubuta labarin da ya taɓa zuciya. Sauran ɗaruruwan da babu wanda ya rubuta labarinsu fa?

A Disambar 2021 abin ya maimaitu da Log4j, manhajar da ke rubuta bayanan abin da ke gudana a cikin wasu manhajoji, wadda 'yan sa-kai ƙalilan ke kula da ita a ƙarƙashin Gidauniyar Apache. Ɓarakar ta yi munin da sai da fadar White House ta kira taro a Janairun 2022. 'Yan sa-kan suka kwana suna gyara, kyauta, ana kuma zagin su. A cikin wannan hayaniya ne Daniel Stenberg ɗan Suwidin, mai kula da manhajar curl da ke cikin biliyoyin na'urori, ya samu wasiƙa daga wani hamshaƙin kamfanin Amurka, ana umartar sa ya amsa jerin tambayoyi kan tsaro cikin awa 24. Kamfanin bai taɓa biyan sa komai ba, kuma curl ba ta da alaƙa da Log4j. Ya amsa cewa zai yi farin cikin ba su amsa da zarar sun sa hannu a kan kwangilar biyan sa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kowa ke da irin wannan haƙuri ba. A wannan wata na Janairun 2022, Marak Squires ya lalata manhajojinsa biyu, colors da faker, da gangan, bayan ya daɗe yana kukan cewa manyan kamfanoni na cin guminsa a banza. Dubban ayyukan da suka jingina da su suka rikice. Kukansa na da tushe, amma matakin nasa ya fi cutar da ƙananan masu sana'a irinsa fiye da kamfanonin da yake jin haushi.

Ta ina kuɗin ke shigowa?

Hanya mafi daɗin ji ita ce karo-karon jama'a, kuma tana da tarihin da ake alfahari da shi. A 2002 kamfanin Holan da ya mallaki Blender, manhajar zanen hotuna masu motsi, ya durƙushe. Ton Roosendaal, wanda ya ƙirƙiro ta, ya shawo kan masu jari su saki rubutunta ga duniya a kan Yuro 100,000. Masu amfani da ita suka tara kuɗin cikin mako bakwai, wato suka fanshi manhajar suka 'yanta ta. Yau wani asusu da ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni ke zuba wa kuɗi duk wata ne ke biyan albashin masu rubuta ta. A 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda aka yi da Blender, ya ci kyautar Oscar, kuma matashin da ke Kano ko Damagaram mai sha'awar wannan sana'a zai iya sauke wannan manhajar dai ba tare da biyan lasisi ba. Tun 2019 dandalin GitHub ya buɗe hanyar da za a riƙa tura wa mai rubuta manhaja ɗan wani abu duk wata, akwai kuma irinsu Open Collective da Liberapay.

Raunin karo-karo shi ne yana bin fuska. Mutum na ba da kuɗi ga abin da yake gani yake kuma so. Mai zane ya san Blender, amma babu wanda ke wayar gari da shauƙin manhajar matse fayil. Abubuwan da suka fi zama tushe su ne suka fi ɓoyuwa, su ne kuma suka fi rasa mai tallafi.

Hanya ta biyu, wadda a zahiri ta fi kowace kawo kuɗi, ita ce kamfani ya ɗauki mai rubutun aiki. Linux ya daɗe da barin hannun 'yan sa-kai zalla: fiye da kashi 80 cikin 100 na gyare-gyaren da ke shiga cikinsa daga ma'aikatan kamfanoni irin Intel, Google da Red Hat suke fitowa, domin kasuwancinsu ya rataya a kansa. Shi kansa Red Hat ya gina arzikinsa ne ta hanyar sayar da kulawa da tabbacin gyara a kan manhajar da kowa zai iya samu, har IBM ya saye shi a kan Dala biliyan 34 a 2019. Wannan na aiki ga manyan ayyuka. Ƙananan da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da su ba sa samun irin wannan gata, domin kowane kamfani na jiran wani ya biya.

Wasu kuma sun gaji sun ja ƙofa. Kamfanin Elastic ya sauya lasisinsa a 2021, yana kukan cewa Amazon na ɗaukar manhajarsa yana sayar da hidimarta. Redis ya bi sahu a Maris ɗin 2024. A duka biyun, sai wasu suka ɗauki samfurin ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da shi da sabon suna, OpenSearch da Valkey, domin 'yancin da aka riga aka bayar ba ya karɓuwa. Daga baya kamfanonin biyu sun dawo da buɗaɗɗen lasisi, Elastic a 2024, Redis a 2025.

Hanyar da ta fi dacewa da girman matsalar, a ganina, ita ce baitulmali. Abin da kowa ke mora, kuma ba a iya hana wanda bai biya ba, shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri haraji dominsa. Jamus ta gane haka. A 2022 ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a ƙarƙashin ma'aikatar tattalin arziki, wanda ke biyan kuɗin aikin da babu mai sha'awar biya: gyaran tsohon rubutu, gwaji, toshe kafofi. A 2023 ya ba aikin GNOME Yuro miliyan 1, ya kuma tallafa wa curl. Sunan asusun ma ya fallasa dalili, wato ikon ƙasa da kanta. Jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kan LibreOffice. A wannan shekarar kuma wata doka ta fara aiki a Switzalan, wadda ta wajabta wa gwamnatin tarayya buɗe rubutun manhajar da aka yi mata da kuɗin jama'a, sai inda tsaro ko haƙƙin wani ya hana. Tarayyar Turai ta bi ta wata hanyar: dokarta ta tsaron kayan lantarki masu manhaja, wadda manyan tanade-tanadenta za su fara aiki a Disambar 2027, ta ɗora alhakin tsaro a wuyan kamfanin da ya kai kaya kasuwa, har da ɓangarorin da ya ɗauko kyauta. Kamfanin da ya san shi za a tuhuma yana da dalilin biyan wanda ke kula da abin da ya ɗauka.

Wanda ya ci ladan kuturu

Kuɗi na zuwa da igiya. Mafi rinjayen kuɗin shigar Mozilla, mai Firefox, daga Google yake fitowa, ladan sanya shi a matsayin injin bincike na farko, alhali Google ne mai Chrome, babban abokin hamayyar Firefox. Kuɗin gwamnati ma na bin iskar siyasa. Asusun Open Technology Fund na Amurka ya tallafa wa Signal a farkon tafiyarta, ya kuma tallafa wa Tor, manhajar da 'yan gwagwarmaya ke kauce wa sa-ido da ita. A Maris ɗin 2025 gwamnatin Donald Trump ta yunƙura ta datse masa kuɗi, a cikin matakin nan da ya rufe bakin Muryar Amurka har da Sashen Hausa, sai da asusun ya garzaya kotu. Aikin da ya dogara da aljihu ɗaya, ko na kamfani ko na gwamnati, yana hannun mai aljihun.

Akwai kuma rikicin rabo. A 2006 wasu suka tara kuɗi don biyan mutum biyu daga cikin masu haɗa tsarin Debian domin sabon samfuri ya fito a kan lokaci, sai wasu 'yan sa-kan suka ji an raina nasu gumin, suka ja jiki. Duk wanda ya taɓa shiga gayya ya san yadda take watsewa ranar da aka ji an ba wasu kuɗi a ɓoye. Haka nan albashi shi kaɗai ba zai hana mayaudari irin Jia Tan shigowa ba. Abin da kuɗi ke saya shi ne lokaci da ido na biyu: mai kula da ba ya cikin matsin da zai sa ya rungumi duk wanda ya miƙo hannu, da wani na gefe wanda aikinsa ne ya sake karanta abin da aka shigar.

Ina ruwanmu?

Za a iya cewa ƙasar da ke fama da yunwa da rashin tsaro ba ta da lokacin wannan zance. Sai dai tsarin lafiyarmu tuni ya hau kan buɗaɗɗun manhajoji. Alƙaluman da cibiyoyin lafiya ke turawa sama a Najeriya da Nijar suna bi ne ta DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar rubutawa, ake kuma amfani da ita a ƙasashe fiye da 70, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Norway da wasu manyan masu ba da agaji. Masu sa ido kan rigakafin shan inna sun daɗe suna tattara bayanai ta waya da ODK. SORMAS kuwa, manhajar bin sawun annoba, tamu ce tun daga haihuwa: bayan ɓullar Ebola a Legas a 2014 ne masanan Najeriya da na cibiyar Helmholtz ta Jamus suka tsara ta, aka gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015, aka yi aiki da ita lokacin ƙyandar biri a 2017. Ghana ta karɓe ta, kuma da korona ta zo, ofisoshin lafiya a Jamus kanta sun koma amfani da ita.

Kusan duk waɗannan da kuɗin waje aka raine su. Shekarar 2025, da aka rusa hukumar USAID cikin 'yan watanni, ta nuna yadda irin wannan kuɗi ke ƙafewa ba tare da gargaɗi ba. Bambancin buɗaɗɗiyar manhaja shi ne, ko mai tallafi ya tafi, rubutun na nan a hannunka, babu mai kashe maka shi daga nesa don ba ka sabunta lasisi ba. Amma rubutun da babu mai iya karanta shi a gida, babu kuma layi a kasafin kuɗi don biyan mai kula da shi, daidai yake da rijiyar nan ta burtsatse.

Biyan kuɗin ba ya nufin tura Dala waje. Akwai masu sana'ar a gida. Chakra UI, wadda masu gina shafuka a ƙasashe da dama ke amfani da ita, ɗan Najeriya ne, Segun Adebayo, ya ƙirƙiro ta, kuma tun 2018 ƙungiyar Open Source Community Africa ke tara matasa masu wannan aiki. Kuɗin lasisin kamfanin waje yana fita ne da Dala duk shekara, yana kuma tashi duk lokacin da Naira ta faɗi. Albashin injiniyan da ke kula da DHIS2 a ma'aikatar lafiya ta jiha da Naira ake biyan sa, ilimin kuma yana zama a gida. Tukunyar da za a ɗebo ma akwai ta: dokar hukumar NITDA ta 2007 ta ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kan ribar bankuna, kamfanonin sadarwa da makamantansu don bunƙasa fasahar zamani, kafin dokokin haraji na 2025 su haɗe shi da wasu cikin haraji guda. Bankunan nan da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, kamar takwarorinsu na ko'ina, sun gina hidimominsu a kan tubalan da suka ɗauka kyauta.

Shi kuwa mutum ɗaya, gudummawarsa na da amfani, ko da yake hanyar ba ta da santsi. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin Naira zuwa Dala 20 a wata, daga baya suka dakatar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Wanda ba shi da kuɗi yana da harshe: fassara manhaja zuwa Hausa, kai rahoton inda ƙ da ɗ da ɓ ke fitowa a karye, ko ba da murya ga shirin Common Voice na Mozilla da ke tattara sautin Hausa, duk aiki ne da kamfanin waje ba zai yi don Allah ba.

Amma nauyi mafi girma na wuyan masu riƙe da kuɗin jama'a, kuma a nan ne matashi mai bibiyar kasafi ke da aikin yi. Duk shekara ma'aikatun tarayya da na jihohi na ba da kwangilar gina shafukan intanet, tsarin biyan albashi, na tattara haraji, na rajistar ɗalibai. Ana iya tambayar kowace ma'aikata: wa ya mallaki rubutun manhajar da aka biya da kuɗinmu, gwamnati ko ɗan kwangila? Idan ɗan kwangilar ya ɓace, wa zai iya gyara ta? Me ya hana jihar da ke maƙwabtaka ɗaukar ta maimakon sake biyan wani ya gina irinta? Nawa aka kashe a kan sabunta lasisi bara, nawa aka ware don kulawa? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar aika irin waɗannan tambayoyi a rubuce ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar da aka tambaya kwana bakwai ta amsa.